Koriyar Fitila a Hayin Kogi

[Ƙarar ruwa da filafilin kwalekwale, sai a rage sauti]

 Yau shirin namu zai taso ne daga bakin Binuwai, ta hayin Girei, ɓangaren da garin Damare yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan gaɓa bayan sallar isha'i ya san abin da ido ke gani: fitilun Jimeta ne jere a ƙetare, haskensu na rawa a kan ruwa. In ka daɗe kana kallo, sai ka ji kamar miƙa hannu kawai ya rage maka. To, wani marubuci Ba'amurke, F. Scott Fitzgerald, ya gina littafi sukutum a kan irin wannan kallo. Sunan littafin The Great Gatsby, ya fito a watan Afrilun 1925.

Ga yadda labarin yake. Wani yaro ne, James Gatz, ɗan talakawan manoma daga jihar North Dakota. Ya raina gidansu, ya sauya sunansa zuwa Jay Gatsby. A 1917, yana ƙaramin hafsan soja a garin Louisville, ya haɗu da Daisy, 'yar masu hannu da shuni. Soyayya ta ƙullu, sai yaƙin duniya na ɗaya ya kwashe shi zuwa Turai. Kafin ya dawo an ɗaura mata aure da Tom Buchanan, wanda ya gaji dukiya kaka da kakanni. Gatsby bai haƙura ba. A lokacin an haramta sayar da barasa a Amurka, shi kuwa ya shiga fasa-ƙwaurinta, ya tara abin duniya. Sai ya sayi katafaren gida a tsibirin Long Island, kusa da New York, ba don komai ba sai don gidan yana kallon na Daisy, ruwan teku ne kawai a tsakani. A ƙarshen katakon da ake ɗaure jirage a bakin gidanta akwai wata fitila koriya mai ci duk dare. Farkon ganin da mai ba da labarin, Nick Carraway, ya yi wa Gatsby, ya hango shi ne shi kaɗai cikin duhu, ya miƙa hannuwa wajen fitilar nan.

Bahaushe ya riga Fitzgerald faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma marubucin ya ƙara wani abu da karin maganar ba ta taɓo ba, wato me ke faruwa in an shiga birnin. Domin Gatsby ya sake saduwa da Daisy bayan shekara biyar. Ya zaga da ita gidansa ɗaki-ɗaki, ya zazzage mata rigunansa masu tsada har ta fashe da kuka. Ranar an yi ruwa, hazo ya rufe teku, fitilar ba ta ganuwa. Nick ya lura cewa tun da Daisy ta tsaya kusa da Gatsby, fitilar ta zubar da kwarjininta, ta koma fitila kamar kowace. Shekara biyar yana ƙawata mace a zuciyarsa, har wadda ke gabansa da jini da tsoka ta kasa kamo ƙafar ta cikin mafarki.

Ni a nawa karatun, laifin Gatsby ba sa rai ba ne. Abin da ya nema ne ba ya samuwa. Ba Daisy ta 1922 yake so ba, matar aure mai 'ya guda. Ta 1917 yake nema. Har sai da ya matsa mata, a wani otal a New York, ta faɗa wa mijinta cewa ba ta taɓa sonsa ba, a shafe shekarun nan kamar ba a yi su ba. Ta kasa. Daga nan komai ya dagule.

Akwai kuma maganar asali, wadda mu nan ba baƙuwarmu ba ce. Gefen da Gatsby yake, West Egg, na sababbin masu kuɗi ne. Gefen su Daisy, East Egg, na 'yan gado. Ɗaruruwan mutane na zuwa cin liyafa gidansa, suna ci suna sha suna gulmarsa. Duk wanda ya taɓa zuwa neman aure aka ce masa a dakata sai an yi bincike, aka shiga tambayar ɗan gidan wa ne, ya san ruwan da ke tsakanin gaɓar nan biyu ba a haye shi da kuɗi kawai.

[Kiɗan garaya a hankali]

Mu dawo Damare. A nan sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Adamawa yake, inda matasan da suka gama jami'a ke zuwa su yi mako uku na horo, kowa da burinsa a ka. Amma a 2014 wasu baƙi daban suka cika sansanin. A watan Agusta Gwoza da Madagali suka faɗa hannun Boko Haram, Michika ta bi a Satumba, Mubi kuma a ƙarshen Oktoba. Jama'a suka kwararo Yola, wasu a ƙafa, wasu sai da suka bi ta Kamaru. Mafi yawansu gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, wasu a cocin Katolika na St. Theresa da ke Jimeta, wasu a Malkohi, dubbai kuma a sansanin Damare.

Ba na so a ji ni ba daidai ba. Ba zan jera attajirin da ke bin matar wani da manomin da aka raba da gonarsa a sahu ɗaya ba. Shi manomin haƙƙinsa yake nema. Sai dai ciwon ya haɗu a wuri guda. Kalmar da ta fi yawa a bakin masu gudun hijira ita ce “in mun koma gida”. Gidan da ake nufi kuwa ba gini ba ne kawai: kasuwa ce tana ci, maƙwabci yana raye, yara suna makaranta, ba a zargin juna. An ƙwato Mubi a watan Nuwamban 2014, Michika a farkon 2015, mutane da yawa sun koma. Sun tarar da garuruwansu a inda suka bar su, amma gadoji a karye, shaguna a ƙone, ga waɗanda ba za a ƙara gani ba. Hanya ta kai su garin, ba ta kai su 2013 ba.

A nan ne nake ganin mutanenmu sun fi Gatsby ƙarfin zuciya. Wasu sun share toka sun sake kafa rumfa. Wasu sun ga komawar ba za ta yiwu ba, suka nemi gona suka zauna a kewayen Yola. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da Bishop Stephen Dami Mamza ya jagoranci ginawa a Sangere-Marghi, cikin ƙaramar hukumar Girei, don waɗanda suka rage a harabar cocin, har da masallaci ga Musulmin cikinsu.

Masu karatun Hausa za su tuna Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Can ma nema ne na shekara da shekaru, amma Alhaji, tauraron labarin, ya samo ruwan, ya dawo gida da shi, ya yi maganin da aka fita nema. Fitzgerald bai yi wa nasa tauraron wannan gata ba. Daisy ce ke tuƙa motar Gatsby ta kaɗe wata mata, Myrtle Wilson, ta mutu. Gatsby ya shirya ɗaukar laifin. Mijin matar ya same shi a tafkin wankan gidansa ya harbe shi, a ranar da yake ta jiran wayar Daisy. Ita da mijinta suka tattara kaya suka bar gari, ko saƙon ta'aziyya babu. Cikin ɗaruruwan nan masu cin liyafa, mutum ɗaya tak ya je maƙabarta, sai Nick, da tsohon mahaifin Gatsby, da 'yan barorin gida.

Shi kansa marubucin bai ga ranar littafinsa ba. Kwafi kusan 20,000 aka sayar a shekarar farko, abin da bai kai yadda ya sa rai ba. Ya rasu a watan Disamban 1940 yana da shekara 44, ga ragowar kwafin jibge a ma'ajiyar kamfanin ɗab'i. Sai a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, da aka raba wa sojojin Amurka kwafi kimanin 155,000, littafin ya farfaɗo. Yau da wuya ɗalibin sakandare a Amurka ya gama makaranta ba a tambaye shi ma'anar koriyar fitilar nan ba.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon in Allah ya kai mu.

[Ƙarar ruwa, har ta ɓace]