Sabunta Takardun Mota Bayan Wa'adinsu Ya Cika

Abin da direbobi a Najeriya ke kira takardun mota ya ƙunshi lasisin mota, wanda hukumar tara haraji ta jiha ke sabuntawa duk shekara, da takardar shaidar lafiyar mota da jami'an duba motoci, wato VIO, ke bayarwa bayan sun duba birki da fitilu da tayoyi, sai kuma inshora. Lambar mota ba ta canzawa, illa dai wa'adin waɗannan takardu ne ke ƙarewa, kuma mai motar kan je ofishin lasisi da tsofaffin takardunsa domin a sabunta masa.

Inshorar ce ta fi cancantar kulawa, domin mafi ƙanƙantar nau'inta da doka ta wajabta tana biyan diyyar ɓarnar da direba ya yi wa wani ne, ba gyaran motarsa ba. Tun daga watan Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, kuma wanda ya damƙa aikin ga 'yan kamasho na bakin ofis yakan tashi da takardar jabu, wadda sau da yawa asirinta ba ya tonuwa sai ranar haɗari.