Komawa Gida a Bukkuyum: Tsarabar da Ake Ɓoyewa

Fita neman arziki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Mutanenta na cikin Hausawan da suka bi fataken goro zuwa Gwanja, wasu suka zaune a zangunan Kumasi da Akra har gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana a 1969. 'Yan baya suka nufi Jidda da Makka zaman takari, ko suka bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, ko ramukan zinare na Jado da aka gano a arewacin Nijar a 2014. Kusan kowannensu da niyya ɗaya ya fita: ya tara ɗan abin hannu ya dawo ƙauye ya yi rufin kwano, ya sayi shanun huɗa, ya aurar da 'ya'ya.

A da, dawowar irin wannan mutum biki ce. A shimfiɗa tabarmi a zaure, a yi ta shigowa barka da zuwa, a raba dabino da zamzam da turare, yara suna leƙen akwati. Yau a ƙauyukan Bukkuyum, Anka da Gummi mai hankali ba ya yarda a san ranar isowarsa. Wani kan bar kayansa wajen ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato, ya sa tsohuwar riga, ya hau kabu-kabu da 'yar jakar leda kamar wanda ya dawo cin kasuwa. In an ce masa ina tsaraba, sai ya ce ƙasar ce ba daɗi, da ƙyar ma ya haɗa kuɗin mota. Ba rowa ba ce. Tsoron infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga labarin gidan da kuɗi suka shigo, domin wanda aka ce daga Saudiyya yake, kuɗin fansarsa daban ne.

Tsoron yana da tushe. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun kwashe kwanaki suna ƙone ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Kafin nan, a Satumbar 2021, an katse layukan waya a faɗin jihar, waɗanda ke waje suka yi makonni ba su ji muryar iyayensu ba. Ƙauyuka da dama sai sun biya harajin da 'yan bindiga suka ɗora musu kafin su yi shuka ko girbi, kuma idan ana karo-karon kuɗin, wanda ya dawo daga waje ake fara duba.

Sai maganar gona. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai shekara goma a Jidda kan tarar mahaifi ya rasu, gandu ya watse, an raba gado, kasonsa kuma an ba da shi jingina lokacin da aka sace wani a dangi. Gonar da ta rage tana can bakin daji inda ba a zuwa. Hannun da ya saba da tuƙi ko aikin gini sai ya sake koyon fartanya, a fadamar da kowa ke rububinta saboda kusancinta da gari. Haƙar zinare na jan wasu, musamman waɗanda suka koyo ta a Nijar, amma nan ma da tabo: gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta ta kashe yara aƙalla 400, saboda dakan duwatsun ma'adinai a cikin gidaje. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024.

Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda aka yi wa tarhil, wato hukuma ta koro shi, aka dawo da shi daga shi sai rigar wuyansa. Ga bashin kuɗin tafiya, ga dangi da ba su yarda ba shi da komai ba. Matan da suka yi aikatau a gidajen Larabawa kuwa kan dawo da 'ya'yan da bakinsu ya fi faɗawa da Larabci, ba su saba da tuwon dawa ko ɗibar ruwa a rijiya ba, sa'o'insu suna yi musu dariya.

Masu sauƙin zaunawa su ne waɗanda ba su yanke zumunci ba: suna aiko da kuɗin taki da damina, suna sa hannu a gyaran masallaci da sha'anin biki. Duk da haka, da yawan masu shirin dawowa yanzu fili suke saye a Gusau, Sakkwato ko cikin garin Gummi. Kuɗin da ya kamata su zama injin ban ruwa da injin niƙa a Nasarawar Burkullu ko Adabka birni suke tafiya, kuma haka za a ci gaba har ranar da mutum zai iya shiga ƙauyensu da kayansa tsakar rana.