WASANNIN TALABIJIN DA HUKUNCE-HUKUNCEN AURE

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata tambaya da aka kawo mana a zaure a nan Ikara, bayan mun tashi daga karatun Risala.

Wani dattijo ne ya tsaya har ɗalibai suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, mijin 'yata ya tafi cin rani Kudu, yau shekara uku ba shi ba labarinsa. Ga wani ya fito yana sonta. Uwarta ta ce a ɗaura, ita kuwa yarinyar ta ƙi, wai ta gani a wani wasa na talabijin an aurar da matar wanda ya ɓace, rana tsaka sai ga shi ya dawo, aka raba aure, aka bar 'ya'ya a tsakiya. To, wanne ne gaskiya?"

Muka ce masa, "Baba, kafin mu ba ka amsa, ka je kotu ko kuwa?" Ya ce a'a, bai san ana zuwa kotu a kan irin wannan ba. Daga nan muka gane cewa gidan nan ya shekara uku yana auna mas'alar shari'a da ma'aunin wasan kwaikwayo, kuma lalle ba shi kaɗai ba ne a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan.

YADDA WASAN YA SHIGO ƊAKI

Waɗanda suka manyanta za su tuna zamanin da gidan talabijin na Kaduna yake nuna Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero. A lokacin nan akwatin talabijin ɗaya ne a unguwa, kuma yawancin wasan yakan ƙare a zama guda, a yi dariya a watse. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, daga nan sana'ar fim ta kafu. Amma wasa mai dogon zango, watau wanda ake yanka shi kashi-kashi ana nunawa mako-mako, ya yi ƙarfi ne bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014. Ita ce ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Aka yi Gidan Badamasi, labarin wani tsoho mai dukiya da tarin 'ya'yansa. A 2020 Aminu Saira ya fara Labarina, a shekarar kuma Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a YouTube. Ga kuma wasannin Indiya da ake juya su da Hausa.

A yau ba a bukatar akwati. Manomin rake a Makarfi, da mai sayar da tumatir a Ikara, da amarya a cikin ɗakinta a Hunƙuyi, kowa da wayarsa, in ba kuɗin data a kai wa masu tura fim a shagon caji su zuba. Matar aure wadda ba ta samun zuwa Islamiyya sai ran Asabar da Lahadi tana iya kallon kashi uku a yini guda.

LABARI BA LAIFI BA NE

Kada mai karatu ya zaci mun zo mu haramta labari ne. Suratu Yusuf, sura ta 12 mai ayoyi 111, ƙissa ce guda daga farko har ƙarshe, kuma Allah Ya siffanta ta da mafi kyawun ƙissa. A cikinta akwai hassadar 'yan uba, da jefa yaro a rijiya, da matar Azizu wadda so ya rinjaye ta, da kurkuku, da 'yan'uwan da suka tsaya gaban ɗan'uwansu suna roƙon abinci ba su gane shi ba, da uban da ganinsa ya dawo ta dalilin riga. Zuciyar ɗan Adam tana son jin yadda al'amari yake juyewa, kuma wa'azi yakan shiga ta wannan ƙofa fiye da yadda yake shiga ta tsawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, marubucin wasa mai dogon zango dole ne ya rufe kowane kashi da abin da zai hana mai kallo barci, don ya dawo mako mai zuwa. In kuwa aka duba irin abubuwan da ake rataya mai kallo da su, sai a tarar kusan duka babuka ne na fiƙihu: saki, da idda, da shayarwa, da nasaba, da gado, da wanda aka ce ya mutu sa'an nan ya bayyana. Marubuci yana warware su a cikin daƙiƙa biyu yadda labari zai yi daɗi, mai kallo kuwa sai ya riƙe wannan a matsayin hukunci.

MIJIN DA YA ƁACE

Mu fara da tambayar dattijon. A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunan shari'a na ƙasarmu suke hukunci da ita, matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi ba ta yanke wa kanta hukunci, iyayenta ma ba su yanke mata. Takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika a nemi labarinsa. In an gaza, sai a ɗibar mata shekara 4, ana ciyar da ita daga dukiyarsa, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta yi aure in ta so. In mijin farko ya dawo kafin na biyu ya tare da ita, shi ya fi cancanta da matarsa. In kuwa na biyu ya riga ya tare, to, a mashhurin zance ta kuɓuce wa na farko. Har ila yau, in mijin bai bar mata abin ci ba, ba a tilasta mata jiran shekara 4, tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa.

Akwai wata mas'ala dabam wadda take kama da wannan. Ita ce matar da aka zo aka ce mata mijinta ya rasu, ta yi takaba ta yi aure a kan wannan labari kawai, sa'an nan ya bayyana da ransa. Wannan Shaihu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa tarewar na biyu ba ta kuɓutar da ita. Ana mayar da ita ga na farko bayan ta yi idda daga na biyu, 'ya'yan da ta haifa kuwa na miji na biyu ne, ba a kiransu shegu. Ka ga ashe abin da ya raba mas'alolin biyu shi ne bin hanyar alƙali. Yarinyar nan ta ji tsoron abin da ta gani a wasa, ta zauna shekara uku, alhali kuwa da an kai ƙara tun farko da tuni ta san matsayinta. A wannan zamani da matafiya suke ɓacewa a hanya, wannan babi wajibi ne a san shi.

SAKI A BAKIN ƊAN WASA

Kowa ya ga yadda ake yi. Miji ya fusata ya yi saki uku a numfashi ɗaya, mata ta jawo akwati ta fice tana kuka, bayan kashi biyu ya yi nadama. To, saki uku a kalma ɗaya bidi'a ne kuma saɓo ne, amma a wurin malaman Malikiyya da sauran mazhabobi uku yana aukuwa uku. Shaihu Ibnu Taimiyya da waɗanda suka bi shi suna ganin ɗaya ne, saboda haka wanda ya faɗa ciki ya nufi alƙali, kada ya zaɓar wa kansa. Auren kisan wuta kuwa, wanda ake mayar da shi abin dariya, ɓatacce ne a mazhabarmu, kuma ba ya halatta matar ga mijin farko.

Ficewar mata da akwati ita ma kuskure ce da aka saba gani har ta zama kamar doka. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, sura ta 65, ya hana a fitar da wadda aka saka daga ɗakinta, ya hana ta fita, har ta gama idda, watau tsarki uku ga mai haila, ko haihuwa ga mai ciki. Hikimar ita ce ko zukata za su huce a yi kome. Gidaje nawa ne da sun tsaya da an bi wannan?

Ɗan wasan da ya furta saki ga wadda ba matarsa ba bai saki kowa ba. Amma angon da ya kwaikwaye shi, ya faɗa wa amaryarsa kalmar da sunan raha, ya sani saki ya auku, domin aure da saki da kome wasansu gaske ne a shari'a.

TSOHUWA RANAR ƊAURIN AURE

Wani salon da marubuta suke so shi ne, ana shirin shafa fatiha sai wata tsohuwa ta ɓullo ta ce ita ta shayar da ango da amarya. Gaskiya ne shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa, kuma a wurin Malik ko tsotsa ɗaya ce, muddin nonon ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu na farko, saɓanin Imamu Shafi'i da ya sharɗanta shayarwa biyar. Amma maganar mace ɗaya ba ta isa a rushe aure da ita ba, ko da yake an so a nisanta saboda tsantseni. Ana tabbatar da shayarwa da shaidar maza biyu adilai, ko mata biyu in zancen ya riga ya yaɗu kafin ɗaurin aure.

Haka nan zancen nasaba. A wasa, takardar gwajin jini daga asibiti takan isa a kori yaro daga gidan ubansa. A shari'a, ɗan da aka haifa wata 6 ko fiye bayan tarewa na mijin ne, kuma ba ya kore shi sai ta hanyar li'ani a gaban alƙali. Wanda ya jefi mace mai kamun kai da zina ba tare da shaidu huɗu ba, haddinsa bulala 80. Idan yara suka tashi suna ganin ana jifa da wannan kalma kowane mako ba abin da ya biyo baya, nauyinta zai fita daga zukatansu.

NASIHA

A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan sakin su ba tare da an kai an tace ba. Tacewa tana da amfani, amma mai tacewa ya fi lura da sutura da rawa da kalmar batsa. Kuskuren hukunci kuwa yakan wuce a cikin hijabi da sallama.

Don haka muna kira ga 'ya'yanmu marubuta, waɗanda da yawansu almajirai ne masu son alheri, duk sa'ad da labari ya kai ga saki ko gado ko nasaba, su kai takardar ga malamin fiƙihu kafin a ɗauka. Ba za su yi asara ba. Bambancin da ke tsakanin matar wanda ya ɓace da matar da aka yi wa ƙaryar mutuwa kaɗai ya isa a gina kashi goma a kansa, mutane su ji daɗi kuma su ƙaru.

Malaman Islamiyya kuma, musamman na matan aure, su riƙa tambayar ɗalibansu abin da suka kalla a makon, su ɗauki mas'alar su warware ta daga littafi. Mai gida ya zauna da iyalinsa wani lokaci ya ga abin da suke gani. Mai kallo kuwa ya riƙe cewa marubuci yana neman ya dawo da shi mako mai zuwa ne, hukunci kuwa wurin masana ake tambayarsa.

Dattijon nan mun rubuta masa takarda, muka ce ya ɗauki 'yarsa da shaidu biyu da suka san ranar tafiyar mijin da abin da ya bari, su nufi kotun shari'a. Allah Ya bayyana wanda ya ɓace, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya fahimtar da mu addininSa.