Fankar sanyaya baƙin mai: yadda ake haɗa ta da na'urar da ke tashinta da kanta

Duk direban da ke ɗauko kaya daga Tasawa ko Mayahi zuwa kasuwannin karkarar Urafan ya san aikin rairayi. Mota ta sha gero da mutane, tana tafe a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na ta ihu amma gudun bai fi na keke ba. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin rana kan wuce digiri 40. A nan ne baƙin mai ke shan wuya, don kuwa babu iskar da ke buga gaban mota.

Baƙin mai ya fi yin aikinsa tsakanin digiri 90 zuwa 110. In ya haura 130 ya daɗe a can, sai ya tsinke kamar ruwa, ya daina riƙe ƙarafa, ƙarshenta inji ya buga. Shi ya sa wasu ke ɗaura ƙaramar radiyata ta mai, su sa mata fanka mai aiki da wutar batir, bolt 12. To amma ina za a haɗa wayarta?

Abin da aka saba gani a garaji shi ne a ja waya daga batir ko daga makulli kai tsaye zuwa fanka. Aiki ne na sauri, amma ba shi da kyau. In daga batir ne, ranar da direba ya manta bai cire wayar ba zai wayi gari mota ba ta tashi. In daga makulli ne, ƙarfin wutar da fanka ke ja yana cin makullin sannu a hankali. Sannan da sanyin safiya lokacin hunturu, fanka na ta juyi tana hana mai ɗumama, alhali sai ya yi zafi sosai ne danshin da ya taru cikinsa ke fita. Mai mai sanyi ma yana cin inji, mutane ne ba su cika lura ba.

Gyaran yana buƙatar abu uku: ƴar na'urar jin zafi da masu gyaran wuta ke kira tarmokontak, da rele, da fizibil. Tarmokontak makunni ne kawai wanda zafi ke dannawa. In mai ya kai zafin da aka rubuta a jikinsa, misali digiri 95, sai ya haɗe. In ya huce kaɗan sai ya saki. Wutar da yake iya ɗauka ba ta da yawa, don haka aikinsa ya tada rele, rele kuma ya kai wa fanka babbar wuta.

Ku juya rele ku duba gindinsa, za ku ga lambobi huɗu: 30, 85, 86 da 87. Kafin komai a cire kan batir na mas. A ja waya mai kauri, milimita 2.5, daga kan batir mai alamar ƙari zuwa ƙafa ta 30, a sa fizibil a kanta kusa da batir, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Ƙaramar fanka kan ja amfiya 5 zuwa 10, tana ƙara ja lokacin tashi, saboda haka fizibil na 15 ko 20 ya wadatar, amma a duba abin da ke rubuce jikin fankar. Daga ƙafa ta 87 waya ta wuce zuwa fanka, ɗayar wayar fanka kuma a ɗaure ta a jikin mota, wurin da aka kankare fenti da tsatsa. Ƙafa ta 86 ta samu wuta daga layin da ke kawowa sai an murɗa makulli, 85 kuma ta bi ta tarmokontak zuwa mas. Shi ke nan.

Maganar fizibil ɗin nan, don Allah kada a maye shi da zaren waya ko takardar kwalin taba. A hanyar da mota ke girgiza, waya na iya gogar ƙarfe ta fiƙe, kuma motar da ta kama wuta a daji, ɗauke da buhuna da jarkokin mai, ba ta jiran a ɗebo ruwa.

Inda aka ɗaura tarmokontak ma yana da muhimmanci. A sa shi a bututun da ke kawo mai daga inji, kafin ya shiga radiyatar, don nan ne zafin gaskiya yake. In mai ƙafa ɗaya ne, ta zaren jikinsa yake samun mas. Wanda ya naɗe zaren da farin salatif yana iya raba shi da mas, fanka ta ƙi tashi.

Gwaji ba wuya. A murɗa makulli, a cire wayar tarmokontak a taɓa ta da jikin mota: rele zai yi ƙas, fanka ta juya. A kawo ƴar takarda gaban radiyata a ga ko iska na shigowa daga waje zuwa wajen inji. In baya take turawa, wayoyin fankar biyu a musanya su. Shi kansa tarmokontak ana iya tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa, tunda ruwa na tafasa ne wajen digiri 100, a duba shi da ƙaramin kwan fitila.

Ni a ganina, mai bin hanyar rairayi ya ƙara makunni ɗaya a gaban direba, wanda ke haɗa ƙafa ta 85 da mas, don ya kunna fanka tun kafin ya shiga tudun yashi. Kuma bayan kaka a riƙa leƙa haƙoran radiyatar. Ƙarangiya da ƙura kan toshe su, sai a hure su da iskar mai faci daga baya zuwa gaba.