Ranar da Muka Hau Kufena

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san Kufena, dutsen nan da ke tsaye yamma da birni, daura da Wusasa. Amma fa yawancin mutane sanin shanu suka yi masa, watau su hange shi da safe, su hange shi da maraice, ba su taɓa ɗora masa ƙafa ba. Mu dai mun ɗora tun muna 'yan makaranta, har saura kaɗan abin ya jawo zaman makoki a gidanmu.

Wata Asabar ce da kaka, mu shida, ba wanda ya gaya wa iyayensa. Guzurinmu dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli da gora guda ta ruwa. A gindin dutsen muka tarar da wani dattijon Bafillatani yana kiwo. Da muka gaishe shi ya ce, "Samari, ina zuwa?" Muka ce, "Baffa, sama za mu." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce, "To, ku tuɓe takalmanku. Duk inda kuka juya kuwa ku aza tsakuwa uku, don dutse daga sama fuskarsa ɗaya ce." Takalma dai mun tuɓe, amma batun tsakuwa muka ɗauka zancen tsofaffi ne.

Da fari hawan wasa ne, muna tsallake manyan duwatsu, rema suna tserewa cikin koguna. Can sai muka iso falalen dutse, sumul kamar bayan ƙwarya, ba ciyawa ba itace balle wurin kamawa. Nan surutu ya ƙare. Muka koma rarrafe, dutse ya ɗauki rana yana ƙona tafin hannu, kowa yana jin numfashin na gabansa. Ruwan gora kuwa tun kafin a kai rabi muka shanye.

Da muka kai ƙoli sai duk wahala ta gushe. Ga birni can da ganuwarsa, ga layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ya miƙe kamar zare. A ƙarƙashinmu ga Wusasa da cocinta da aka gina da ƙasa a 1929, can arewa kuma ga gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka kafa a 1962. Muka hangi kufan wata tsohuwar ganuwa a gindin dutsen, abin da daga ƙasa sai a ɗauka kunyar gona ce. Masu tarihi suna cewa mutanen Zazzau sun zauna a Turunku da nan Kufena kafin birnin yanzu ya kafu. Shekara biyu malaminmu yana zana mana taswira a allo muna kwafa kamar aku, amma sai a ranar muka gane cewa taswira ƙasa ce da aka hango daga bisa.

Sauka ita ce maganar. Ko'ina muka duba iri ɗaya, kamar yadda dattijon ya faɗa. Muka bi wani gangare da muke zaton shi ne, ashe ba shi ba ne. Ruwan damina yana tsattsafowa ta wata tsaguwa, gansakuka ta rufe wurin, sai santsi. Ƙanenmu, wanda shi ne ƙarami a cikinmu, ya zame, Allah ya sa ƙafarsa ta tokari wani ɗan tudu. Nan ya manne, ya kasa gaba ya kasa baya, ƙasa da shi kuwa ba kome sai sarari. Bai yi kuka ba, cewa kawai yake yi, "Yaya, kada ku tafi." Muka tuɓe rigunanmu muka ƙuƙƙulla, biyu suka riƙe ƙafafun na uku, aka miƙa masa. Sai da muka daɗe muna lallashi kafin ya yarda ya saki dutse ya kama tsumma. Da muka jawo shi, rana ta yi ja, ba mai sauran yawu a baki. Sai ga fito daga ƙasa. Ashe dattijon nan bai kora shanunsa gida ba, ya tsaya yana ɗaga mana sanda, yana nuna hannun da za mu bi. Abin da muka tarar a gida bayan isha'i, masu karatu sun iya kintata.

Bayan shekaru, muna koyarwa a kwalejin horon malamai, muka tambayi wani aji wa ya taɓa hawan dutsen garinsu. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali kuwa waɗannan su ne za su koya wa yara labarin ƙasa. Saboda haka muka kai su Kufena da asuba, da rani, bayan dutse ya bushe, kowa da gorarsa da taswirarsa, da igiya, da izinin shugaba a rubuce. Ɗalibin da ke ƙarshen layi aka ɗora wa aikin aza tsakuwa.