Yariman Aljanu a Wayar Matan Musawa

A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, amma har yanzu akwai masu bakin ɗora lalacewar zamani a kan matar da ke karanta labarin soyayya a wayarta. Wai ƙasa na cin wuta, su kuwa mata daga Musawa har Funtuwa sun duƙufa kan labarin yariman aljanu da ya faɗa son 'yar talakawa. Ni a ganina an kama reshe an bar tushe. Wutar da ƙasar ke ci ita ce ta kai su ga wannan karatu, kuma duk wanda ya duba irin jarumin da suke so a yau zai gane abin da suka rasa.

Aljani ba baƙo ba ne a littafin Hausa. Da taimakon aljanu Alhaji Imam ya samo ruwan da ya fita nema a Ruwan Bagaja tun 1934, kuma a So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, aljana ce ta shiga tsakanin masoya. Aikin da ake ba aljanin ne ya sauya. A zamanin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa harkar littattafan soyayya suna Adabin Kasuwar Kano, lokacin da Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa, burin jaruma shi ne ilimi da aiki da miji mai sanin darajarta, abin tsoronta kuwa auren dole da makircin kishiya. Buri ne da yarinya za ta iya cimma in ta yi karatu, in iyaye sun sassauta. Mai karatu ta yau ta san ko ta samu duk wannan, bai hana a tare mijinta a hanyar kasuwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Dubi yadda dare yake a ƙauyukan da ke tsakanin Musawa da Ƙanƙara: ana idar da isha'i a rufe ƙofa, a yi shiru, ƙarar babur daga nesa ta isa ta hana gida barci. Mace tana kwance tsakanin 'ya'yanta, ta rage hasken wayar da aka karɓo daga shagon mai caji da yamma, ta ja mayafi ta rufe kai don kada haske ya fita ta taga. Me take karantawa? Labarin namijin da ba ya bin hanya, ƙiftawar ido ya iso. Ba a tare shi, ba a neman kuɗin fansarsa, harsashi ba ya cinsa. Yana kawo abinci ba tare da ya je gonar da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a girbe masara ba. In an taɓa matarsa, kafin gari ya waye ya rama mata. Kyawunsa da dukiyarsa ado ne kawai. Abin da ake saye da 'yan ɗaruruwan nairar da ake tura wa marubuciya shi ne kariya, wadda aka ga ƙarancinta ƙuru-ƙuru ranar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Ko da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a Satumbar 2021, har da Funtuwa da Malumfashi, labarin da aka riga aka sauke bai buƙaci sabis ba, daga waya zuwa waya yake tafiya.

Waya ma ta taka rawarta. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta iya tara littattafai ta ƙona a Kano, domin takarda ce. Yanzu shafi-shafi ake sakin labari a rukunin WhatsApp ko Wattpad, wadda ba ta iya karatu ba ta saurari na murya, masu karatu kuma su faɗa wa marubuciya inda suke so labarin ya nufa. Su ne ke neman aljanin.

Masu suka ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Akwai batsa a wasu littattafan, kuma tana isa hannun yaran da ba su kai ba. Akwai kuma illar da ta fi damuna: inda ake fassara firgici da rashin barci da shafar aljanu, labarin da ke ƙawata soyayyar aljani zai iya sa yarinyar da tsoro ya taɓa wa tunani ta ƙare a hannun masu cin kuɗi da sunan cire iska, maimakon asibiti. Amma batun cewa karatun na kashe zuciya ban yarda da shi ba. Samari sun yi shekara da shekaru suna karanta littattafan yaƙin Abdul'aziz Sani Madakin Gini, cike da bokaye da takubban tsafi, ba wanda ya ce su suka hana tsaron gari. Matar da ta karanta shafi goma ta samu barci ita ce ke tashi da asuba ta hura wuta.

Asarar da nake gani a ɓangaren rubutun take. Balaraba Ramat Yakubu ta dubi cin amanar aure ido da ido a Alhaki Kuykuyo Ne, mata suka ga kansu a ciki. Matar da aka sako daga daji bayan an sayar da gona an fanshe ta, wadda ta dawo ta tarar maƙwabta na kallonta a kaikaice, miji ya kasa haɗa ido da ita, labarinta ma na soyayya ne, kuma marubutan da suka fi kowa saninsa suna nan a Funtuwa da Malumfashi da Musawa, da wayoyinsu a hannu.