Masu Komowa Asibiti Da Dare

Duk wanda ya taɓa aikin dare a ɗakin gaggawa na babban asibiti ya san su. Wani saurayi ne da ya sha taramol fiye da kima har ya faɗi yana shure-shure, wata kuwa mai taɓin hankali ce da maganinta ya ƙare. A yi masu allura, a ƙara masu ruwa, gari ya waye a sallame su. Kafin wata ya zagayo ga su sun komo.

Bakin ma'aikatan asibiti bai zo ɗaya ba a kan wannan al'amari. Waɗansu suna ganin mutumin da ya jawo wa kansa ciwo da hannunsa bai kamata ya tare gado ba, alhali ga wanda mota ta kaɗe kwance a ƙasa. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba, gama wanda ya kwana tsaye ba a rasa shi da ƙosawa. Amma mun fi karkata ga waɗanda ke cewa ɗakin gaggawa an gina shi ne domin ceton rai na dare guda, shaye-shaye da ciwon hankali kuwa jiyyarsu ta watanni ce, wani lokaci ta shekaru. In an sallami mutum ba inda za a miƙa shi, ina zai nufa in abin ya motsa?

Binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha ƙwaya ko makamancinta cikin shekara guda. A shekarar nan ce Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su kai 300 ba, asibitocinsu irin na Kware da Barnawa da Dawanau sun yi wa mutumin ƙauye nisa.

Tun 1954 Likita Lambo ya gwada wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta, watau ya saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jiyya, suna zuwa asibiti da rana. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin ta 1958, ita ma ta yi zancen kula da su cikin jama'a. Ma'aikatan ɗakin gaggawa suna jiran ganin an kai wannan kulawa ƙananan asibitocin unguwa.